Rijiyar Gidan Wada

Wada Mai Rijiya bai san adadin rijiyoyin da ya haƙa ba. Tun yana saurayi yake bin mahaifinsa da diga da igiya, daga ƙauyensu na gefen Tiga zuwa Yako, wani lokaci har ƙasar Doguwa inda dutse ke cinye bakin diga. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana. In ya shiga rami sai dai a ji nishinsa. Rijiyar da ya fi ji da ita ita ce ta cikin gidansa, wadda ya haƙa shekarar da ya auri Dije. Ruwanta garai-garai, ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa, rabin unguwa nan suke ɗiba.

A lokacin, bayan gidan saura ce. Daga baya noman rani ya faɗaɗa, gonakin tumatur da albasa da masara suka matso har jikin danga. Rani da damina ana zuba takin zamani, ana kwarara ruwa a kai. Shi ma Wada yana da ɗan fegi a ciki, yana zubawa kamar kowa.

Da 'yarsa Ramla ta yi haihuwar fari, sai ta dawo gida wanka da jaririyarta Ummulkhairi. Zazzaɓi ya kwantar da mai jegon, nono ya ƙi wadata, aka koma madarar gwangwani. Dije ce ke haɗawa, kuma ba ta wasa da tsabta. Sai ta bar ruwan rijiyar ya yi ta tafarfasa kafin ta sauke. Ana nan leɓen yarinyar ya fara yin shuɗi-shuɗi, numfashinta ya koma sama-sama.

A asibiti malamar da ta duba ta ta tambayi ruwan da suke dama madarar da shi. Ta yi musu bayanin wani sinadari, naitiret, da kan tsiyaya cikin rijiya daga takin zamani ko daga masai. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, jarirai ne ya fi yi wa illa, kuma tafasawa ba ta kawar da shi, ƙara masa ƙarfi take yi. Amma ta ce ba ta da tabbas, domin ciwon zuciya ma kan zo da wannan kama. Ta tura su Kano. Ba su kai ba, yarinyar ta cika a cinyar Dije.

Bayan an share makoki, Mujitaba, ɗan Wada da ke aiki a Kano, ya zo da wata 'yar kwalba cike da siraran takardu na gwajin ruwa. Ana tsoma ɗaya, a jira kaɗan, a gwada launinta da na jikin kwalbar. Ta farko ta fito kusan fara, alamar ruwa lafiya lau. Wada ya sauke ajiyar zuciya. Mujitaba ya sake tsoma wata a cikin gugan nan dai, sai ta yi jaja-jaja. A inuwa launin ya yi duhu, a rana ya koɗe. Suka yi ta tsomawa har kwalbar ta kusa ƙarewa, kowace da abin da take nunawa.

Wada ya ɗauki ragowar ya tafi wurin Ɗahiru, wani ma'aikacin ruwa a Tiga da ya taɓa yi wa aiki. Ɗahiru ya juya kwalbar, ya ga kwanan watan da ke jikinta ya goge. Ya ce irin waɗannan takardu ƙiyasi kawai suke bayarwa, kuma zafi da laima na lalata su tun a rumfar mai sayarwa. Ko an kai ruwan babban ɗakin gwaji, na yau za a gani, domin an yi ruwan sama tun bayan rasuwar, rijiya kuwa tana canzawa.

"Ni abu ɗaya nake son sani," in ji Wada. "Rijiyata ce, ko ba ita ba ce?"

"Baba, ba wanda zai iya rantse maka," in ji Ɗahiru.

Da ya koma gida ya rufe bakin rijiyar da kwanon rufi, ya danne da dutse. Rufin bai daɗe ba. Famfon burtsatse na da nisa, ga layi, matan unguwa suka yi ta sallama da bokitai, wasu na cewa ai takarda ma ta wanke ruwan. Ya buɗe musu, ya roƙe su kada a ba jariri. Wasu sun ji, wasu bai sani ba.

Ramla ta koma ɗakinta ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Dije kuwa har yau ba ta yarda a bar mata jariri ko na ɗan lokaci. Wada ya daina karɓar aiki kusa da gonakin rani, a yankinsu kuwa kusan ko'ina gonakin rani ne. Yanzu ɗinkin guga yake yi da tsohon tubun taya, yana kaiwa kasuwa. In aka tambaye shi ruwan gidansa, sai ya ce ga shi nan, bai san halinsa ba.