Kafintan da Ba Shi da Gado

Duk layin nan babu gidan da Kafinta bai yi wa gado ba, amma shi a tabarma yake kwana. Ko ƙusa bai taɓa bugawa a bangon ɗakinsa ba. In matarsa ta yi mita sai ya ce, "Baƙo da yin gado? Gobe-jibi za mu koma gida."

Laifinsa a can ƙasarsu bai wuce magana ba. Rufin wata makaranta ya rufta kan yara, shi kuwa ya miƙe a bainar jama'a ya ce katakon ruɓaɓɓe ne. Ashe ɗan kwangilar surukin manya ne. Aka jefa shi a mota da garin katako a gashinsa, aka sauke shi a bayan iyaka kamar buhun shara. Kai, mutane ba sa tsoron Allah! Daga baya matarsa ta biyo shi da goyo.

Goyon nan ita ce ta girma ta zama malamar Turanci. Wata rana tana shirya darasi a bakin shagon ta ce, "Baba, ga kalmarka a Turanci, exile. Wanda aka raba da ƙasarsa. Amma har wanda ya tafi da ƙafarsa haka ake ce masa."

Ya ajiye zarto. "Da wanda aka kora da wanda ya ɗaure kayansa ya yi sallama, duk suna ɗaya? To ki gaya wa ɗalibanki ni jefo ni aka yi!"

Ba a jima ba ƙanensa ya bugo waya, cike da murna. "Yaya, an yafe maka, ka dawo! Abu ɗaya suke so, ka faɗa a rediyo cewa da kanka ka tafi, rufin kuma iska ce ta kayar."

Wai an yafe masa! Ji rainin hankali. Shi da ya ciro yaran da hannunsa daga ƙarƙashin kwano.

"Inna fa ta tsufa, Yaya, kullum sai ta tambaye ka."

Kafinta ya ce, "Ka gaishe ta. Ka ce mata ba iska ba ce."

Washegari matarsa ta iske shi yana auna ɗakinsu, fensir a bayan kunne, idanu jajir. Ta ce, "Malam, aikin wa?"

"Namu ne," in ji shi. "Ta wane gefe kike son kan gadon?"