Garken Steryo Ya Hau Dutse Shiru

Sirma ta rasu a ƙarshen sanyi, can ƙasa a filin Tesaliya, kuma har aka fara ɗaure kayan komawa dutse mijinta Steryo bai aika wa ƙanwarta Marusha da ke ƙauyensu na kan dutse labari ba. Ya ce ƙanƙara ta toshe hanya. Ta toshe ɗin kam, amma ba ita ta hana shi ba. Shekara arba'in da ɗaya Sirma ce bakinsa. Ita ke gaisuwa, ita ke faɗa, ita ke bin mutane da ban haƙuri in ya yi ɓarna. Shi abin da ya iya bai wuce yi wa tumaki fito ba.

Sai ya yanke shawarar barin aikin ga ƙararrawa. In an yi rashi a gidan makiyayi, akan cusa ulu cikin ƙararrawar kowace dabba, garke ya hau dutse shiru. Da mutanen ƙauye sun hango tumaki ba amo, sun san labari, ba sai wani ya buɗe baki ba. Ya riga kowa tasowa da kwana biyu, don kada Marusha ta ji a bakin bare.

Abin da bai lissafa ba shi ne, shi da kansa ya daɗe da ɓata wannan al'adar. Tun yana saurayi, in tafiyarsu ta kwana goma zuwa dutse ta biyo ta gefen gonar alkama, mai gona kuma ya tafi cin abincin rana, sai ya toshe ƙararrawa ya saki garken ciki. Sau biyu yana mantawa da ulun har ya shiga gari. Karon farko mata suka fito da baƙaƙen kallabi, limamin coci ya saka rigarsa, aka tarar da Steryo garau, tumakinsa sun ƙoshi har ba sa iya gudu. Karo na biyu ba wanda ya ko tashi daga kujera.

Bana dai bai dubi gonar kowa ba. A marmaro na ƙarshe kafin ƙauye ya zauna ya toshe ƙararrawan ɗaya bayan ɗaya, da ulun da Sirma ta tsefe ba ta samu ta kaɗa ba.

Tsofaffin da suka cinye lokacin sanyi a gari suna zaune a ƙofar mai kofi. Ɗayansu, Nasu, ya kasa kunne, sannan ya ce, "Alkamar wa za mu je wa ta'aziyya bana?" Aka yi dariya. Steryo ya ɗaga hannu ya wuce.

Marusha ba ta taɓa sauka fili ba, saboda ƙafarta ɗaya. Kowace shekara ita ke share gidan yayarta, ta hura wuta, ta gasa burodi mai ganye da cuku. Ya same ta jingine da ƙyaure, hannu duk gari.

"Mijin Yaya, ɓarawon ciyawa," in ji ta. "Furfura har gira, amma ba ka tuba ba? Bari ta iso, mu biyu za mu taru a kanka."

Alfadarai suka shigo. Na farko da barguna, na biyu da tukwanen cuku, na uku da masaƙa. Sirma kan hau na huɗu. Marusha ta leƙa hanya.

"Ina ka baro ta? Ko ta tsaya ba mai gonar haƙuri?"

Tausayinta ya kama shi, ga haushin kansa. Ya cire hula. Ya jawo bunsurun da ke jan garke, ya juya mata ƙararrawar don ta ga ulun.

"Na gani mana," ta ce, har yanzu da sauran dariya. "To, sai me?"

Steryo ya daɗe yana murza hular.

"Ban shiga gonar kowa ba, Marusha," ya ce. "Bana ko ɗaya ban shiga ba."