Buhun Citta a Ajin Turanci

Shekarar da aka tura ni koyar da Turanci a wata sakandare kusa da Kagoma, na tarar da ɗaliban aji huɗu sun haddace manyan kalmomin da ko ni sai na duba ƙamus. Malamin da na gada yakan cika musu allo da kalmomi ranar Litinin, ranar Juma'a ya tambaye su. Suna rera su kamar waƙar zumunta a majami'a. Amma da na ce kowa ya rubuta abin da ya yi ranar Asabar, sai abin ya gagare su. Wata yarinya da ke zama a gaba, wadda ita ke zuwa ta ɗaya, ta yi layi biyu ta ajiye biro.

Na ce, "Me kika yi ranar Asabar?"

"Aikin citta ne kawai, Malama."

"To, rubuta shi mana."

Ta dube ni, ta ce, "Ai wannan ba shi da Turanci, Malama."

Ban yi mata faɗa ba, don na gane inda matsalar take. Ni kaina ba daga ƙamus na fara Turanci ba. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kafanchan, kuma duk kalmar da ya koya mini sai da ya ɗora hannuna a kan abin.

Washegari na shigo aji da rabin buhun ɗanyar citta, da roba, da wuƙaƙe, da tabarma. Na ce su nuna mini yadda ake yi a gida. Suka yi ta dariya, amma suka taso. Wadda ta ɗauraye sai in ba ta kalmar rinse, wanda ya tsaga in ba shi split. Muka shanya a bakin taga. Bayan kwana huɗu cittar ta yanƙwane, na rubuta shrivel a allo, ban yi bayani ba, kowa ya gane. Dokata ɗaya ce: ba mai rubuta kalma a littafinsa sai ya yi jimla da ita a kan abin da idonsa ya gani.

Ƙamshin ne ya jawo shugaban makaranta. Dattijo ne, kuma dattijon ikilisiya, ba ya ɗaga murya. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kira ni waje.

"Malama, kasuwa muka buɗe ne? Jarrabawa ba ta tambayar citta."

Na ce, "Baba, jarrabawa tana tambayar rubutu. Ka ba ni zango ɗaya, sannan ka karanta da kanka."

Ya ce, "Zango ɗaya."

Aikin gona na iya Turancinsa, amma na ciniki ya fi ƙarfina. Wata Asabar a kasuwar Kafanchan na ji wani Alhaji mai sayen citta, wanda tun kakanninsa suke da rumfa a nan, yana waya da masu saye daga Legas. Turancinsa ba na makaranta ba ne, amma kowace kalma tana zaune a mazauninta. Na jira ya gama, na gaishe shi, na roƙe shi ya zo ajina.

Ya ce, "Haba 'yata, ni da firamare kawai na yi?"

Na ce, "Alhaji, abin da ka faɗa a waya yanzu, babu shi a littafinmu."

Ranar Laraba ya zo a kan babur. Ya ɗauki citta biyu, ya karya ɗaya ta yi ƙas, ɗayar ta lanƙwashe. Ya ce ta farkon brittle ce, ta biyun kuma akwai sauran moisture a jikinta, in aka ɗure ta a buhu haka za ta yi fumfuna. Yaran suka yi ta jefo masa tambayoyi, wasu da Hausa, wasu da Turanci, wasu da Burokin, Turancin kasuwa. Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya motsa.

Daga nan su da kansu suka riƙa kawo aiki. Wani ya zo da doya, wata da sarƙar babur ɗin babanta, wata da zare da allura. Muka rufe bangon aji da takardun da suka rubuta a kansu.

Ƙarshen zango na kai wa shugaban makaranta rubutunsu. Ba duka ne suka yi kyau ba, kuma har lokacin da yawansu suna tuntuɓe wajen jera baƙaƙe. Amma ba wanda ya tsaya a layi biyu. Ya kwana biyu da takardun, sannan ya aiko a kira ni ofis.

Ya ce, "Na karanta. Zango mai zuwa za ki haɗa da 'yan aji ɗaya. Gara a fara da su tun da wuri."

Na ce to, amma ina buƙatar aji mai manyan tagogi. Ya ba ni na kusa da rijiya, a nan na koyar har aka canza mini wurin aiki zuwa Gwantu.