Kafin a Ba Dokta Habu Titi

Shekara goma ke nan cif da muka binne Dokta Habu, masanin zamantakewar al'umma, mai faɗa domin haƙƙin talaka, abokina tun muna yawo ba wando a Bukan Sidi. Yanzu da Lafiya ta zama babban birnin jiha, tituna sun yi yawa, sunaye sun yi kaɗan, sai aka kawo mini takarda in sa hannu a raɗa wa titi guda sunansa. Rabin waɗanda suka riga ni sa hannu, a da in sun hango shi, shagon tela suke faɗawa ko da ba su da yadi.

Kafin ku tafa, bari in faɗi abin da ba a faɗa a taron tunawa.

Habu jarumi ne, ban musa ba. An kulle shi har kuɗin cizon ɗakin tsaro suka san shi da suna. Amma yana da wata rakoda, ƙatuwa kamar buhun gero, ni ne kuma direbanta. A bayan babur ɗina muka kai ta ƙauyen Kwandere, lokacin da wani attajiri ya kewaye gonakin mutane da waya ya ce nasa ne. Manoma suka ƙi magana. Ni na lallashe su, don ni suka sani, ni nake sayen doyarsu.

Wani dattijo, Baba Ari, ya ƙura wa rakodar ido ya ce, "Ɗana, wannan akwati zai faɗi sunana?"

Habu ya dafa ƙirji. "Baba, a iliminmu haramun ne. Manomi na Ɗaya zan kira ka."

Ya kuwa cika alkawari. Ranar sauraron koke, a gaban attajirin da ƙartinsa, ya ce ga shaidar Manomi na Ɗaya, ya danna kaset. Jama'a, Baba Ari fa mutum ne da in ya yi atishawa a Kwandere, daga can garin Shabu ake amsa masa. Kalma uku ya faɗa, har akuyar bakin ƙofa ta gane shi. Aka tafa wa Dokta, jaridu suka buga hotonsa, gemu a gaba.

Bayan kwana biyu aka tare Baba Ari a hanyar gona. Kunnensa na hagu bai sake ji ba, hannunsa na dama bai sake riƙe fartanya ba, gonar ma ta tafi. Habu ya yi kuka sosai, ya rubuta maƙala a kai, aka gayyace shi ƙasar waje ya karanta ta. Ni kuma, jarumi na biyu, na canza wurin sayen doya.

Da Habu zai tashi yau ya ga masu sa hannun nan, zai yi musu laccar awa huɗu a kan munafunci, sannan ya ja ni gefe ya tambaya ko titin mai kwalta ne.

Makon jiya na naɗe takardar na tafi Kwandere. Na iske Baba Ari a gindin mangwaro, na durƙusa, na yi masa bayani da ihu ta kunnen dama.

"Wane titi?"

"Wanda ya fito gari ya nufo nan, Baba."

Ya daɗe yana kallona. "Kai ne mai babur."

"Ni ne, Baba."

"To sa hannu, ku shimfiɗa shi. Ƙafa dai sun bar mini. Duk ranar kasuwa zan taka shi, zuwa da dawowa. Kai kuma in ka mutu, a ba ka kwatar gefensa, tunda tare kuke tafiya."

Na yi dariya, don dariya ce sana'ata. Shi bai yi ba.

A kan cinyata na sa hannun, yana kallo. Habu ya bar littattafai, ya bar ɗalibai da ba sa sunkuyar da kai gaban kowa, ya bar tsoho mai kunne ɗaya. Duk ukun aikinsa ne. Allon titi kuwa ƙarami ne, suna kawai yake ɗauka.