Ranar da Na Nuna Iyakar Tsohuwar Maƙabarta

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk unguwarmu babu wanda ya kai ni sani, na tafka wani kuskure da har yau ban gama haɗiye shi ba. Kwanan nan wani daga cikinku ya tambaye ni dalilin da ya sa nake yawan cewa a tambayi tsofaffin mata kafin a taɓa ƙasa. Na ce bari in ba ku labarin gaba ɗayansa, ko na samu sauƙi.

Unguwarmu tana gefen wani gari ne a nan Damargu, ba nisa da Tanut. Da ƙauye ce mai zaman kanta, gari ya yi ta matsowa har ya haɗe da ita. Abubuwa biyu ne suke ci mana tuwo a ƙwarya. Na farko, ba mu da hanyar mota. In mace ta shiga naƙuda ko tsoho ya yanke jiki ya faɗi, sai dai a ɗora shi a amalanken jaki a bi lungu-lungu cikin yashi, kafin a kai likita an galabaita. Na biyu, tsohuwar maƙabarta da ke bayan gidanmu. An daina binnewa a cikinta tun da aka buɗe sabuwa a arewacin gari, kuma ba ta da katanga. Awaki na kiwo a ciki, raƙuman masu zuwa kasuwa na ratsawa, wasu ma har shara suke zubarwa a gefenta. Mahaifina yana kwance a wannan maƙabarta.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, yaro da babba Mushe suke ce mini, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, kuma duk takardar da za ta fita daga unguwa ni nake rubuta ta. Don haka ni na rubuta kukanmu zuwa meri, wato ofishin magajin gari, da Faransanci mai manyan kalmomi waɗanda ni kaina sai da na duba ƙamus. Konseye na unguwarmu, wato wakilinmu a meri, ya kai maganar gaban majalisa. Damina biyu muna safa da marwa, takalmina ya san hanyar meri fiye da hanyar masallaci. Daga ƙarshe aka amince: za a fitar da hanya, za a kewaye maƙabarta, sauran filin kuma a yanka wa jama'a. Gaskiya ɗaya ce, mutanen meri sun yi abin da ya dace. Cewa suka yi mu ƴan unguwa mu nuna iyakar maƙabartarmu da hannunmu, duk abin da ya faɗa cikin turaku babu mai taɓa shi.

Kun san yadda kabarinmu yake. Babu rubutu, babu siminti. Tudun ƙasa ne da ƴar ƙaya a kai don kare dabbobi, bayan wasu shekaru yashi ya daidaita shi da sauran ƙasa. Ga shi kuma lokacin da mahaifina ya rasu ina karatu a Damagaram, sai bayan kwana uku na iso. Ƙanensa ya kai ni ya nuna mini wurin sau ɗaya tak, idanuna cike da hawaye, ban riƙe komai ba. Tun daga nan in na je ziyara sai in tsaya kusa da wata aduwa da ke wurin, in yi addu'a ta kowa da kowa, in dawo. Ban taɓa gaya wa kowa cewa ban san kabarin ubana ba.

Sai in gaya muku wani abu game da mahaifiyata, don a kansa labarin yake. Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar da ce, mai tsananin alkunya. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in ji wani abu sai ta faɗa wa ƙanwata, ko bango, ko akuyar da ke ɗaure a turke. Da na yi aure sai matata ta zama ƴar aike. Ina zaune a tsakar gida, tsakanina da Inna bai fi taku huɗu ba, za ka ji ta ce, "A gaya wa mutumin nan tuwonsa na hucewa." Ina yaro na ɗauka ba ta sona ne, sai da na girma na lura kullum tsokar da ta fi girma a kwanona take sauka.

Ana gobe masu awon fili za su zo, da la'asar, ina gyara takarduna a inuwar rumfa, Inna tana tsinkar yakuwa. Sai ta ce da matata, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ki ce wa mutumin nan maƙabarta ba a aduwa ta tsaya ba. Ta wuce nan, har kusa da gwafar tsohuwar rijiya."

Da kunnena na ji. Na ce, "A ce wa Inna an ji." Amma da muka shiga ɗaki sai na yi wa matata dariya, na ce, "Yaushe mata suka fara sanin kabari? Wace rana aka taɓa zuwa binnewa da su?"

Matata ta ce, "Ni dai na isar da saƙo."

Washegari suka zo da na'urarsu mai ƙafa uku da turakun siminti a kan amalanke. Tsakiyar rani ne, unguwa babu maza. Wasu suna Agadas, wasu Libiya, wasu wajen haƙar zinariya. Tsohon limaminmu, wanda ya sallaci yawancin mutanen da ke kwance a wurin, yana Damagaram ana yi masa aikin ido. Ƙanen mahaifina ya riga ya rasu. Mai unguwa kuwa bai daɗe da gadon kujerar ba, na ma girme shi. Shugaban masu awon ya tambaya da Faransanci ina iyaka take, sai duk idanu suka juyo kaina.

Wallahi a lokacin na san ban sani ba. Na dubi wajen rijiya, ƙasa shimfiɗe, babu ko alamar tudu. Na dubi wajen aduwa, nan kam ana ganin ƴan tuddai. Mai awon ya ga ina jinkiri, ya koma Hausa ya ce, "Mushe, ka tabbata? In akwai shakka mu tahi mu dawo in dattawa sun komo, ba komi."

Tsoro ya kama ni, kada su tafi mu sake shekara biyu muna jira. Amma in zan faɗi gaskiya, ba tsoron ne ya fi yawa ba. Kunya ce ta a ce Mushe, mai rubuta wa majalisa takarda, ya shiga gida ya tambayo tsohuwa. Girman kai rawanin tsiya. Na taka na je bayan aduwa, na buga ƙafa a ƙasa na ce, "Nan ne iyaka." Aka kafa turaku, aka miƙo takarda, na sa hannu da irin sa hannun nan nawa mai wutsiya. Da na juyo na hangi Inna tsaye a bakin ƙofar baya, ta lulluɓe da mayafi. Sai ta juya ta koma ciki.

Kafin ruwan farko katafila ta zo, ta bi tsakanin aduwa da tsohuwar rijiya, aka zuba jan burji aka daddaɓe. Ranar da motar farko ta shigo unguwa mata suka yi ta guɗa, dattawa suna ta sa mini albarka, ni kuwa ina ta gyara zaman hula. A gida matata ta ce mini Inna ba ta ci komai ba tun safe. Na ce zafi ne.

Bayan kaka, wani bawan Allah da aka ba fili a bakin sabuwar hanya ya soma haƙa harsashin gini. Bai yi nisa ba magina suka ci karo da itacen rufin kabari, ƙarƙashinsa ƙasusuwa. Suka ajiye diga suka yi salati. Kafin azahar unguwa ta cika a wurin. Meri ba ta yi wasa da maganar ba. Mataimakin magajin gari da kansa ya zo, aka soke filayen wannan gefen, aka ce za a kewaye su su ma. Amma hanya ta riga ta zama hanya. Liman, wanda ya dawo da idonsa garau, ya ce waɗanda ke ƙarƙashinta a bar su, tono ya fi bari muni, Allah Ya san inda bayinsa suke.

Na je meri da zafina, ina shirin ɗora wa wani laifi. Sakatare ya saurare ni har na gama. Sannan ya jawo takarda daga cikin tarin da ke gabansa, ya juyo ta wajena, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. Na tashi na fito, har na manta hulata a kan benci.

Babu wanda ya zage ni a unguwa. Cewa ake yi ƙaddara ce, Mushe alheri ya nufa. Da an zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ya hana ni sakat tambaya ɗaya ce: mahaifina yana cikin katanga ko yana ƙarƙashin hanya? Na sa matata ta tambayi Inna, Inna ta ce ta miƙo mata faifai. Abin da na lura da shi kawai, ba ta taɓa taka sabuwar hanya ba. In za ta je barka ko gaisuwar mutuwa sai ta bi tsofaffin lungu, da ciwon gwiwarta, ta yi zagaye mai nisa. Mutane suna cewa tsohuwa tsoron babur take.

Haka muka zauna har ciwon ajalinta ya kama ta. Da jiki ya yi tsanani maƙwabcinmu ya kawo motarsa har ƙofar gida don a kai ta likita, amma ta ce ita amalanke za ta hau. Muka shimfiɗa mata katifa, matata ta zauna ta tallafe ta, ni na riƙe igiyar jaki. Na juya shi wajen lungu kamar yadda na san tana so, sai na ji ta ce da matata, "A bi sabuwa."

Muka hau burji. Mun wuce aduwa kaɗan, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, ba Mushe ba, ba mutumin nan ba. Na waiga ina neman mai kiran, don ban san yadda sunana yake a bakinta ba. Tana kallona ido cikin ido.

Ta ce, "Tsaya nan." Na tsayar da jaki. Ta ɗaga hannu da ƙyar ta nuna tsakiyar hanya. "Ga babanka. Kansa yana kudu, wajen dutsen can. Ran da aka kai shi, turmi na kifa na hau, na leƙa ta saman darni har aka gama. Kullum in za ni rijiya sai na yi masa sallama."

Na durƙusa a jikin amalanke. Na ce, "Inna, don me ba ki fito kin faɗa ba ran nan? Kina tsaye kina gani."

Ta ce, "Na aika, ba ka karɓa ba."

"Da kin fito kin tsawata mini."

"In ƙaryata ka gaban maza da baƙi?" Ta mayar da numfashi. "Na yi tunanin haka a bakin ƙofa. Sai na ga shi ya riga ya tahi, kai kuwa kana da sauran zama da mutane."

Wata motar gero ta taho tana mana oda, direban ya leƙo zai yi faɗa, ya ga dattijo durƙushe yana kuka, ya kauce ya wuce. Inna ta yi wa mijinta addu'a a hankali, muka shafa. Sannan ta ce, "Ban nuna maka don ka yi kuka ba. Don kada a rasa wanda ya sani ne. Ja mu tahi." Daga likita ba ta dawo gida da ƙafarta ba. A sabuwar maƙabarta muka kai ta.

Hanyar tana nan, kuma ba zan yi ƙarya ba, ta yi amfani. Matan da aka ɗauka a mota suka haihu lafiya ba su ƙirguwa, har da ƴata. Ba na jin haushin meri, sun tambaya, ni na ba da amsa. Ba na kuma zagin alkunya irin ta iyayenmu, ko da yake na ga abin da ta ci mana. Kaina nake tuhuma, domin kalma uku ce ta gagare ni a gaban jama'a: ban sani ba. Yanzu na bar aikin lakwal, amma har yau in za a yi zaman unguwa a kan fili ko magudanar ruwa ana kirana. Abu na farko da nake cewa shi ne a tashi mutum biyu su shiga gidaje su tambayo tsofaffin mata. Matasa suna dariya, suna cewa Mushe ya tsufa. Ina barinsu su gama dariyar, sannan in ce a je dai.

Abin da ya fi ci mini rai ba kabarin ba ne kaɗai. A da ina ganin shirun Inna nisa ne tsakanina da ita, ashe duk tsawon shekarun nan rufa mini asiri take yi. Sau ɗaya ta yi mini magana baki da baki a rayuwata, kuma a kan ɓarnar da na yi mata ne.

Duk Juma'a in an sauko daga masallaci nakan bi ta wurin. Sai in tsaya a gefe in jira motoci su rage, in shiga tsakiyar hanya in yi wa mahaifina sallama. Masu babur na unguwa sun saba, ba sa yi mini oda, kaucewa kawai suke yi.