Inda Nauyin Kirya Ya Tafi

Jiya a hanyar Basirka na ji ƙamshin hayaƙin kirya, wasu na ƙona gawayi, sai kakana ya faɗo mini a rai. Maƙeri ne, kuma ba ya yarda a ce abu ya ɓace. "Wuri kawai ya sake," in ji shi.

Shekarar da na fara binsa daji, mun sha wuyar gumagumai, sai mutum biyu sun kama ake ɗaga ɗaya. Muka jera su a rami, muka cinna wuta, muka rufe da ƙasa. Da aka tone, jaki ɗaya ya kwashe gawayin duka. Na fusata: "Kaka, wutar nan ɓarauniya ce! Ina nauyin da ya karya mana ƙugu?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ja ni zuwa wani ramin da ke ci, ya kara ƙarfen fartanya mai sanyi a kafar da hayaƙi ke fita. Nan da nan ƙarfen ya jiƙe, wani baƙin maiƙo yana ɗiga.

"Ga kayanka nan, sarkin ƙorafi. Itace huɗu, gawayi ɗaya, sauran ya yi sama. Da hayaƙi na shiga mangala, da ka ga bai ragu ba."

Ranar da muka ɗauki makararsa, ba ta fi kwandon gawayi nauyi ba. Ban tambayi kowa inda sauran ya tafi ba. Allah Ya sa ya tarar da shi cif a mizaninsa.