Zoben Tagulla a Keken Mai Ƙwai

Na san Sai-Gobe a shekarar da aka zuba kwalta a hanyar da ta haura asibiti. Ban daɗe da barin makarantar mishan ba, na kama aikin koyarwa, na sayi keke na hannu wanda sarƙarsa ke zamewa kullum. Na tura shi wata rumfar kwano da ke gindin hawan, na tarar da siririn saurayi ya rataye keke da igiya, yana juya feda da hannu, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma a bayan ƙyaure. Bai dube ni ba sai da ya gama ji. Ya karɓi nawa, ya ce in dawo gobe. Haka yake ce wa kowa, ko faci ka kawo, har sunan ya bi shi. Maiɗakinsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

A makarantarmu in ƙararrawa ta buga ta buga, saboda haka halinsa ya dame ni da farko. Daga baya na gane ba lalaci ba ne. Ba ya sakin keke sai an hau shi a gabansa da sassafe, kafin motoci su cika titi da ƙara, domin da kunne yake aiki. A kan bencin rumfar nan muka tsufa tare. Abokan sana'arsa duk suka koma gyaran babur, shi kuwa ya ce ba ya iya hira da abin da ke hura masa hayaƙi a fuska.

Aikin da nake so a tuna shi da shi ya zo ne bayan gemunsa ya yi fari. Akwai wani mai ƙwai da ke kai kaya ɗakin girkin asibiti kowace safiya a kan tsohon baƙin keke. Tun yana yaro injin niƙa ya cire masa babban yatsan dama. Kekensa irin na da ne, 'yar sandar giya tana jikin firam, da tafin hannu yake tura ta, kunnensa ya gaya masa inda sarƙa ta zauna. Sai haƙoran ƙafar baya suka cinye, irinsu kuwa an daina kawowa. Ya ari keken zamani, ya tarar giyarsa da babban yatsa ake danna ta. Ya koma tura kaya da ƙafa a hawan, yana isa an riga an sauke tukunya. Shugabar ɗakin girki ta ce ba za ta bar marasa lafiya suna jiran kari ba, in wata ya ƙare bai daidaita ba, akwai mai babur da ke son wurin.

"Baba, an ce tsohon ba ya gyaruwa," in ji mai ƙwai.

"Wa ya ce? Yaran da ba su san keke ba sai a kwali? Kawo shi, ka dawo gobe."

Mai ƙwai ya ce shi goben nan ce ke ba shi tsoro.

Sai-Gobe ya samo ƙafar zamani mai faifan haƙora takwas, inda tsohuwar ke da biyar. Ta fi gurbinta faɗi, sai ya sa katako ya buɗa firam ɗin kaɗan-kaɗan, yana cewa ƙarfen da yana jin lallashi. Ni na riƙe masa zare daga kan keke zuwa baya, muka auna dama da hagu har suka zo daidai, kamar yadda aka koya mana a ajin kafinta. Ya sa siririyar sarƙa da sabon ƙarfen da ke tura ta, ya ɗaura waya a tsohuwar sanda.

Nan aikin ya cije. In aka ja sandar har ƙarshe, sarƙa ba ta kaiwa manyan faifai biyu na ciki, su ne kuwa na hawan tudu. Ya nuna mini dalili. Wayar tana naɗuwa a gindin sandar kamar zare a kwarkwaro, gindin kuwa siriri ne, abin da yake ja bai ishi ƙarfen zamani ba. Ya kwance wayar, ya matse ta ta ɗaya gefen notin, ya sami faifai ɗaya. Babban ya ƙi. Ya naɗa gwangwani a gindin don ya yi kauri, gwangwanin ya zame ya tsinka waya. Masu faci suna zuwa yana sallamar su, maiɗakinsa tana kawo abincin rana tana tambaya ko ƙwai za a riƙa ci a gidan daga yau.

Wata safiya ya ciro famfon tagulla da yake ba taya iska da shi, ya ɗora masa zarto. Na ce ya yi hankali, famfon nan ya fi duk na kasuwa.

"Malam, riƙe mini nan," kawai ya ce.

Ya yanko zobe, ya goge shi da magagari, ya fafe masa hanyar waya, ya zura shi a gindin sandar, ya zauna kamar da shi aka ƙera ta. Ya juya feda, sarƙa ta hau babban faifai ba gardama.

Ni na ɗauka an gama. Shi kuwa ya sa aka cika kiret ɗin ƙwai da tsakuwa, mai ƙwai ya hau. A tsakiyar hawa, da ya taka da ƙarfi, wayar ta janye sandar baya, sarƙa ta gangaro, ya dire ƙafa. Ya dawo fuska a murtuke, ya ce wata ya kusa ƙarewa. Sai-Gobe ko a jikinsa. Ya ce keke a igiya ba ya faɗin gaskiya duka, shi ya sa ake hawa. Ya yanki harshen tsohon takalminsa, ya yi 'yar fata zagaye, ya sa a ƙarƙashin notin sandar ya matse, don ta riƙe inda aka ajiye ta.

Kashegari ƙwai na gaske aka ɗora. Muna tsaye bakin rumfa muka ga tafin hannun ya sauka kan sanda, muka ji sarƙa tana hawa faifai bayan faifai, sannan shiru, sai ƙarar taya a kwalta. Bai sauka ba har ya shige ƙofar asibiti. Wurin bai kuɓuce masa ba.

Maiɗakin Sai-Gobe ce ta gaya mini sauran, da na yi mata ƙorafin famfon. Ta ce mahaifin mai ƙwai ne ya koya wa mijinta aiki, ya ci da shi, ya sha da shi, ranar da ya sallame shi ya ba shi famfon nan. Ya rasu yaron yana goye, dangin uwa suka tafi da shi, bai taɓa sani ba. Da na tayar wa Sai-Gobe da maganar, bai ɗago daga tayar da yake liƙewa ba.

"Ubansa hannu biyu ya ba ni, Malam. Yatsa ɗaya na mayar."